Kurakuran da aka fi yi wajen sauya manifol ɗin iska a injin LS da aka dasa wa tsohuwar mota

A kudancin Kalifoniya aka raini sana'ar nan ta ɗauko tsohuwar mota, a rage mata nauyi, a dasa mata inji mai ƙarfi. Amurkawa suna kiran irin wannan mota hot rod, kuma har gobe sarauniyarsu ita ce Ford ƙirar 1932, sai Chevrolet na 1955 zuwa 1957 suka biyo baya. Abin da ya canza shi ne zuciyar motar. Tun da kamfanin General Motors ya fito da injin LS1 a cikin Corvette a 1997, sannan ya baza ƙannensa masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a akori-kura daga 1999, masu wannan sana'a suka koma kansa, domin yana da araha a wurin masu sayar da kayan gwanjo, ga ƙarko, ga ƙarfi.

Da zarar injin ya zauna a mazauninsa, abu na farko da ido ke faɗawa a kai shi ne manifol ɗin iska, wato baƙin akwatin roba da ke zaune a tsakiyar inji, wanda ke karɓar iska daga bakin totur ya rarraba ta ga silinda takwas. Gaskiya ba shi da kyan gani, musamman na akori-kura. Shi ya sa ake gaggawar cire shi, kuma a cikin gaggawar nan ake tafka yawancin ɓarnar.

Sayen manifol da ido

Wannan shi ne babban kuskure, shi ne kuma mafi tsada. Mutum ya ga dogon manifol na alminiyam yana ƙyalli, irin Holley Hi-Ram, ya ce shi ke nan, wannan zai dace da motata. Bai tambayi kansa a wane juyi injinsa ke yin rayuwarsa ba.

Ga yadda abin yake. A cikin manifol akwai bututu takwas, kowanne yana kai iska ga silinda ɗaya. Duk lokacin da bawul ya rufe, iskar da ke tafe a guje takan yi karo da shi, matsinta ya koma baya ta cikin bututun, ya sake dawowa. Idan dawowar ta yi daidai da sake buɗewar bawul, sai ta tura ƙarin iska cikin silinda kyauta. Dogon bututu yana daidaita wannan bugun a juyi na ƙasa da na tsakiya, gajere kuwa sai inji ya yi sama sosai. Manifol masu gajeren bututu, irin Hi-Ram ɗin nan duk da tsayinsa daga waje, ba sa fara biyan kuɗinsu sai inji ya kusanci juyi 6,000 a minti, kuma kafin nan suna cin ƙarfin jan da kake da shi. To motar da ake fita yawo da ita ranar hutu, tana tafe tsakanin juyi 1,800 da 3,500, yaushe za ta ga 6,000? Mai ita zai kashe kuɗi, ya tashi daga danja ya ji motar ta yi sanyi, ya rasa dalili.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne mummunan akwatin nan na akori-kura yana cikin waɗanda suka fi iya aiki, saboda tsawon bututunsa. Na motar Chevrolet Trailblazer SS ma ya yi suna a wajen masu gwada injuna don yana ba da ƙarfin ja a ƙasa, bai kuma shaƙe inji a sama ba. Ni a ganina, idan injinka 5.3 ne da ba a taɓa cikinsa ba kuma bonet zai rufu, bar shi da abinsa, ka yi masa fenti ko murfi. Idan ka riga ka sa kamshaf mai zafi, ka gyara kan silinda, ka sauya giya ta baya, a nan ne maganar manifol irin FAST LSXR ko Hi-Ram ta zama magana. Manifol yana bin sauran injin ne a baya. Akwai kuma batun zafi: robar da kamfani ya yi amfani da ita ba ta ɗaukar zafin inji kamar alminiyam, kuma a matsattsen ɗakin injin tsohuwar mota wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙofofin da ba su dace ba

Injunan LS kamanninsu ɗaya daga waje, amma ƙofofin iska da ke kan silindarsu iri biyu ne manya. LS1 da LS6 da LS2, tare da 4.8 da 5.3 da tsofaffin 6.0 irin LQ4 da LQ9, ƙofarsu doguwa ce siririya mai tsini a sama kamar tagar coci, shi ya sa ake ce mata katidiral. LS3 na 2008 da L92 da LY6 kuwa tasu faffaɗa ce mai kusurwa huɗu. LS7 ma mai kusurwa huɗu ce, amma an ɗaga ta, don haka manifol ɗinsa ba ya hawa LS3. Kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa maka game da injin, domin injin gwanjo ya ratsa hannaye da yawa, wataƙila an taɓa sauya masa kai. Cire tsohon manifol ka duba ƙofar da idonka kafin ka biya kuɗin sabo. Ana sayar da farantan da ke haɗa iri biyun, sai dai suna ƙara tsayi, kuma tsayi shi ne abin da tsohuwar mota ba ta da shi.

Rashin awo

Ford na 1932 an yi shi ne don ƙaramin inji mai shafaffen kai, bonet ɗinsa siriri, hancinsa gajere. Manifol na akori-kura ya fi na Corvette da Camaro tsayi nesa, shi ya sa mutane da yawa ke komawa na LS1 ko LS6 don bonet ya rufu. Nan kuma wata sabuwa ke ɓullowa: manifol na ƙaramar mota yana sauko da bakin totur ƙasa, sai ya yi karo da bututun saman famfon ruwa na akori-kura, wani lokaci har da mariƙin altaneta. General Motors ya yi jeren bel iri uku, na Corvette da ke manne da inji, na Camaro a tsakiya, na akori-kura da ya fi fitowa gaba. Idan ka sauya famfon ruwa kaɗai ba ka kula da wannan ba, bel zai yi ta tsalle yana fita. Ko dai ka sauya jeren gaba ɗaya, ko ka sayi mariƙai da zobban da aka yi don wannan haɗin.

Dabarar awo mai sauƙi ce. Ɗora dunƙulen yumɓu a saman manifol da kan bakin totur, ka rufe bonet a hankali, ka buɗe, ka auna kaurin da ya rage. Ka bar sarari, domin inji yana karkata gefe idan aka taka totur, kuma abin da ya wuce da ƙyar a gareji zai bugi bonet a kan titi. Duba baya ma: sensar matsin man inji tana nan a bayan manifol, kusa da bangon da ya raba inji da direba. Masu juya manifol gaba ya koma baya, abin da LS ke yarda da shi, su suka fi cin karo da ita.

Bakin totur shi ma yana da nasa. Na LS1 da tsofaffin akori-kura noti uku ne, na LS2 da LS3 noti huɗu mai faɗin milimita 90. Wani kebur ke jan sa, wani lantarki ne, kuma ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutarsa, ce ke yanke wanda za ka iya amfani da shi. Mai milimita 102 a kan 5.3 na gida ba ya ƙara komai, sai dai ya sa motar ta riƙa zabura da ka ɗan taɓa feda.

Abin da ke ƙarƙashin manifol

Idan ka ɗaga tsohon, kafin komai ka share ƙasa da tsakuwar da suka taru a gefen ƙofofin, sannan ka rufe ƙofofin takwas da tef. Tef ya fi tsumma, domin tsumma ana mantawa da shi a ciki. Noti ɗaya da ya faɗa ƙofa ya isa ya fasa fistin. Haka kuma manifol na gwanjo: idan daga injin da ya fashe aka ciro shi, gutsattsarin ƙarfe suna maƙalewa a lungunan cikinsa inda wanki ba ya kaiwa, sai ranar da ka taka mota su sauko. In ba ka san tarihinsa ba, leƙa cikinsa da ƙaramar kyamara, in kuwa ka ga alamar ƙarfe, haƙura da shi.

A tsofaffin LS, wato LS1 da LS6 da akori-kura na farko, sensa biyu masu jin ƙarar bugun inji suna zaune a ramuka a ƙarƙashin manifol. Ruwa yakan taru a ramin baya, sensar ta yi tsatsa, kwamfuta ta nuna lambar matsala P0327 ko P0332, ta kuma jinkirta wutar filogi, ƙarfi ya ragu. Tunda ka riga ka buɗe wurin, sauya su da wayarsu, ka zagaye murfin robarsu da gam ɗin silikon don ruwa ya daina shiga. Wanda ya ƙi yi yau zai sake kwance manifol gobe. A sababbin injunan an mayar da sensar gefen bulo, don haka babu wannan damuwa.

Sai siraran bututun tururi da ke fitar da iska daga kusurwoyin kan silinda. Cikin manifol na LS6 ya fi na LS1 saukowa ƙasa, don haka tsohon bututun da ke ratsawa ta ƙarƙashi yana tokare shi, manifol ya ƙi zama daidai. Maganin shi ne a sa irin na LS6, wanda ke haɗa gaba kawai ya toshe baya. Abin da ba a yi shi ne toshe duka huɗun don wurin ya yi tsaf. Tururi zai taru a kai, inji ya yi zafi a wuri guda alhali agogo yana nuna lafiya. Na gaban dole ya samu hanya zuwa lagireto ko tankin ruwa.

Ɗaurin noti

Wannan kuskuren yana ba ni takaici don lamba ɗaya ce ke jawo shi. Notin manifol na LS guda goma ne, ƙanana. Ana ɗaure su zagaye biyu, daga tsakiya zuwa waje ana tsallakawa gefe da gefe: zagayen farko 44, na biyu 89, a ma'aunin fam na inci, wato 5 da 10 a ma'aunin Nm. Sai mutum ya karanta 89, ya ɗauko babban sifana mai auna fam na ƙafa, wanda ya ninka wancan sau goma sha biyu. Tun kafin ya kai rabin lambar noti ya tsinke a cikin kan silinda, ko robar ta tsage. Zobban roba ne ke toshe iska a nan, ba sa buƙatar ƙarfi, ba sa buƙatar gam. Sa sababbi, kada ka maimaita tsofaffin da suka riga suka shafe. Idan an taɓa aske kan silinda ko bulo, ɗora manifol ba tare da gasket ba ka duba ko ramuka da ƙofofi suna kallon juna, musamman na alminiyam da ba ya lanƙwasa.

Fetur da kwamfuta

Injektocin LS ba tsayinsu ɗaya ba, soket ɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Na LS1 dogaye ne, na LS3 gajeru, na akori-kura kuma nasu soket daban. Idan ka haɗa gajeriyar injekta da layin fetur da aka yi don doguwa, zoben robarta ba zai zauna ba, fetur zai yi feshi a kan inji mai zafi. Kafin ka tayar da mota, murɗa makulli famfo ya cika layi, ka bi injekta takwas ɗin da ido da hanci. Matsin fetur da LS ke so 58 ne a ma'aunin psi. Akori-kura na farkon shekarun 2000 suna da na'urar daidaita matsi a kan layin, da bututun mayar da fetur tanki. In ka koma layin da ba shi da ita, dole ka samar da wata, kuma da yawa suna amfani da matatar fetur ta Corvette ta 1999 zuwa 2004, wadda ke da na'urar a cikinta.

Masu son tsohon kamanni sukan koma kafireta a kan manifol irin Edelbrock Performer RPM ko Victor Jr. Abu ne mai yiwuwa, kuma a kan Ford na 1932 yana da kyau ƙwarai. Amma kafireta matsin 5 zuwa 7 psi take so, famfon injekta zai nutsar da ita. LS kuma ba shi da distirbuta, kowane filogi da koyil ɗinsa, don haka sai an sa akwatin wuta irin MSD 6014.

Wanda ya tsaya a injekta kuwa kada ya ɗauka kwamfuta za ta gano sauyin da kanta. Sabuwar injekta sai an shigar da bayananta, sabuwar sensar matsin iska ma haka, kuma yawan iskar da inji ke sha a kowane juyi ya canza. A kai motar wurin mai saita kwamfutar inji da manhajar HP Tuners, ko a gyara saitin kwamfutar Holley Terminator X in ita aka sa. Kafin a je, a tabbatar babu inda iska ke satar shiga. Sabon manifol yakan zo da ramuka a baya, na tukunyar birki, na numfashin inji, da wasu da ba ka buƙata, kuma ɗaya da aka manta ba a toshe ba ya isa ya sa silo, wato juyin inji a tsaye, ya yi sama, kwamfuta ta nuna P0171 da P0174. Hura hayaƙi cikin manifol da na'urar gwaji inji yana kashe, ka duba inda yake fita. Tiyon birki ka taɓa shi da hannu sau biyu, sannan ka gwada feda a tsaye kafin taya ta taka titi.