Yadda Ake Gano Matsalar Sensar Totur a Mota da Gyara Ta

Idan mota ta fara fizga, ko tana mutuwa a cunkoson hanyar Nyanya, sannan fitilar injin ta kunna, a fara duba sensar totur, wato na'urar da ke sanar da kwamfutar mota yadda aka taka totur, kafin a garzaya kasuwar kayan gyaran mota ta Apo a Abuja a sayi sabuwa.

Da farko a jona na'urar gwaji a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambobi daga P0120 zuwa P0124 duk na wannan sensa ne: P0122 na nufin wutar da take aikawa ta yi ƙasa, P0123 kuma ta yi yawa.

Sai a kashe mota a duba soket ɗin sensar da wayoyinsa, domin sau da yawa tsatsa ce ko wayar da ta goge, kuma nan ne masu gaggawa ke asarar kuɗinsu. A wanke bakin totur, musamman bayan ƙurar hunturu.

Daga nan a murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a auna wayoyin sensar da mitar auna wuta. Ya kamata waya ɗaya ta nuna bolt 5, wayar saƙo kuwa kusan 0.5 idan ba a taka totur ba, ta riƙa hawa a hankali zuwa kusan 4.5 yayin da ake takawa. Idan ta yi tsalle ko ta yanke a tsakiya, sensar ta lalace, a canza ta.

A ƙarshe a goge lambar, a zagaya da motar, a sake gwadawa.