Darasi na 9: Duba Wi-Fi kafin ka biya kuɗin laftof

Mai sayen laftof yakan tambayi batir, ya tambayi ram, ya duba ko allon ya tsage. Da wuya ka ji ya tambayi Wi-Fi. Alhali ta nan ne intanet zai shigo masa.

Wi-Fi iri-iri ce, kuma kowace tana da lamba. A jikin kwali ko a takardar na'ura za ka ga 802.11, sai harafi a bayansa. Harafin shi ne abin dubawa:

802.11g ta fito a 2003. Ta tsufa, bar ta.
802.11n ta fito a 2009. Ita ce Wi-Fi 4.
802.11ac ta biyo baya a 2013. Ita ce Wi-Fi 5.
802.11ax kuma ita ce Wi-Fi 6.

Sunayen 4, 5 da 6 an fara amfani da su ne a 2018, don haruffan suna rikita mutane.

Yanzu ga inda maganar take. Galibi Wi-Fi tana tafiya a kan zango biyu, wato hanyoyin da sigina ke bi a iska: 2.4 GHz da 5 GHz. Zangon 2.4 yana ratsa bango, yana kai wa nesa, har tsakar gida. Sai dai cunkoso ya yi masa yawa, don Bluetooth da na'urorin maƙwabta duk a nan suke. Zangon 5 ya fi sauri kuma ba hayaniya, amma bango biyu na bulo sun isa su raunana shi. Laftof mai kyau yana kama duka biyun. Da yawa daga tsofaffin laftof na hannu masu 802.11n, zangon 2.4 kaɗai suke gani, kuma ba kowane mai shago ne zai faɗa maka ba. Wani ma bai sani ba.

Kada kuma a ruɗe ka da babbar lamba. In laftof ɗinka Wi-Fi 6 ne, amma ƙaramar MiFi (ƴar na'urar da ake sa wa SIM tana raba intanet) ko hotspot na waya ne ke ba ka intanet, gudun da suka iya shi za ka samu. Sababbi da tsofaffi suna haɗuwa lafiya, sai dai a takun mai rauni ake tafiya. Ga mai karatu, mai cike fom, mai kallon darasi a YouTube, Wi-Fi 5 ta wadatar. Rarar kuɗin gara ta tafi ga batir mai ƙarko.

Yadda za ka gwada a shago: buɗe hotspot a wayarka, ka sa shi a 5 GHz in wayar tana da wannan zaɓin. Sai ka duba ko sunan wayar ya bayyana a laftof. In bai bayyana ba, da alama 2.4 kaɗai yake kamawa. Ko ka ce wa mai shagon, "Malam, buɗe mini Device Manager." Device Manager shi ne wurin da Windows ke jera kayan cikin laftof. A ƙarƙashin Network adapters, nemi AC ko AX a cikin sunan na'urar Wi-Fi, kamar Intel Wireless-AC 8265 ko AX200; in ka gani, Wi-Fi 5 ko 6 ce.

In ka riga ka sayi mai kama 2.4 kaɗai, akwai ƴar na'urar Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB; nemi mai kama zangon 5.

Aikin gida
1. Wane harafi ne ke nuna Wi-Fi 5?
2. Ɗakinka yana nesa da MiFi, da bango biyu a tsakani. Wane zango za ka zaɓa?
3. Rubuta tambayoyi biyu da za ka yi wa mai shago.