Yadda na gyara 911 ɗina da take mutuwa a hanya

Alhamdulillah, yau dai hankalina ya kwanta. Tsohuwar motar kayana Marsandi 911 mai injin OM352 sati biyu tana wahalar da ni, ta tashi lafiya lau amma da ta ɗau kaya ta fara hawan tudu sai ta riƙa shaƙewa ta mutu. Na canza filtar gas, wato dizal, na kai nozul masu fesa gas cikin inji aka duba, duk a banza. Ashe iska take sha ta tiyon da ya taso daga tanki, ya tsage ta ƙasa inda yake gogar shasi, ido ba ya gani sai da na shafa da hannu na ji danshin gas. Na sa sabon tiyo da sabbin washa na jan ƙarfe, na sassauta notin saman filta, na yi ta buga famfon hannu mai jawo gas daga tanki har kumfa ya ƙare gas ya fito zalla, sannan na ɗaure. Bugu ɗaya ta tashi.