Shawara ga masu fama da dogayen kalmomin Turanci

Jama'a, assalamu alaikum. Ga ɗalibanmu na Samaru da Kongo, wato harabobin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da harshensu ke sarƙewa a kan doguwar kalmar Turanci, shawarata ita ce ku fara duba ƙarshenta kafin ku furta ta, domin ɗafa-ƙeya, wato ɗan gutsuren da ake liƙawa a ƙarshen kalma, shi ne yakan nuna gaɓar da za a danna. Idan kalma ta ƙare da -tion ko -ic ko -ity, galibi nauyin murya yana sauka ne a kan gaɓar da ke gab da wannan ƙarshe. Saboda haka a university, wadda ke da gaɓoɓi 5, "ver" ake ƙarfafawa, a education kuwa "ca".

Inda muka fi tuntuɓe shi ne, Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon gaɓa, shi ya sa screwdriver ta zama sukurudireba a bakinmu. Wannan ba laifi ba ne a Hausa, amma a Turanci ƙarin wasali ƙarin gaɓa ne.

Ni dai nakan sa ƙanena ya buga tebur sau ɗaya a kan kowace gaɓa, ya ƙara ƙarfin bugun a inda nauyin yake. Ku gwada da photograph da photography, za ku ji nauyin ya tashi daga gaɓar farko ya koma ta biyu.