Yadda ake yawo da mota mai ɗaki a Niyu Zilan

Tun da na dawo Kaduna, ƴan majalisarmu ta Unguwar Rimi suka hana ni sakat da tambayar motar nan mai gado da kicin da na yi haya.

Ka je tsakanin Disamba da Fabrairu. Lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe, su zafi suke ciki. Karɓi motar a birnin Christchurch da ke tsibirin kudu, ka tabbata tana da shaidar cewa akwai bayan gida a cikinta, in ba haka ba kwana a fili sai ya jawo maka tara.

Hannun hagu suke tuƙi. Ni sai da na rubuta "HAGU" na manna a sitiyari.

Hanyar zuwa Milford Sound, wani lungun teku tsakanin duwatsu, ita ce ta fi tsaya mini a rai. Cika tanki a garin Te Anau, don daga nan wajen kilomita 120 ne babu gidan mai, balle ƴan bumburutu. A gangara ka sa ƙaramar giya, kada birki ya ɗau zafi. A bakin ramin Homer, inda hanya ta ratsa ta cikin dutse, za ka jira danja, aku mai suna kea na ta yagar robar gilashinka.

Kilishi kuwa, bar shi gida. Karɓewa suke yi a filin jirgi, in ka ɓoye tarar dala 400 ce a kuɗin ƙasarsu.