Yadda ake auna girman cibiyar ƙwayar halitta daga hoton madubin likita mai zurfi

Ɗalibanmu da ke nazarin halittu a Jidda da jami'ar KAUST ta Thuwal sukan samu na'urori masu kyau, amma tambayar da suka fi yi mini ita ce: na ɗauki hoton, to yaya zan fitar da lamba daga cikinsa? Ga yadda nake yi da yankan ƙodar ɓera da aka rina da DAPI, rinin da ke sa cibiyar ƙwaya ta haska shuɗi.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Madubin konfokal, wato madubin likita mai zurfi, yana ɗaukar hotuna hawa-hawa, daga saman naman zuwa ƙasansa, ya jera su kamar shafukan littafi. Kowane ɗigo a ciki yana da tsawo da faɗi da kauri, tamkar tubali. Sunansa boksel. Awon duka ƙirga tubalan nan ne.

Sauke Fiji, manhajar nazarin hotuna, kyauta ne. An gina shi a kan ImageJ, wanda Wayne Rasband ya fitar a Amurka a 1997. Buɗe ainihin fayil ɗin da na'ura ta ba ka, czi idan na'urar ta kamfanin Zeiss ce, lif idan ta Leica ce, nd2 idan ta Nikon ce. Hoton da abokin aiki ya turo ta WhatsApp ba ya aunuwa, domin an matse shi, bayanan awonsa sun zube.

Sai matakin da na fi damuwa da shi. A cikin Fiji shiga Image, ka danna Properties, ka duba girman boksel. Kowace kasuwa da mudunta, haka kowane ɗauka da nasa tubalin, kuma kaurin yakan fi faɗin nesa ba kusa ba. A ce faɗi maikuron 0.2 ne (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tsawo 0.2, kauri 0.5. Ninka su, tubali ɗaya ya zama kubik maikuron 0.02. Cibiya mai tubali 25,000 ta kama kubik maikuron 500 ke nan, kusan girman ƙwallon da faɗinsa maikuron 10 ne. Da a ce manhajar ta ɗauka kaurin ma 0.2 ne, 200 za ta ba ka, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Na taɓa ganin aikin wata uku ya rushe a kan wannan gurbi ɗaya. Kwatanta lambobin da abin da ka rubuta ranar ɗauka.

Akwai wani tarkon a zurfin. Idan ruwan tabarau na mai, wato gilashin madubin da ake tsomawa a ɗigon mai, ka yi amfani da shi, naman kuma a ruwa yake kwance, haske yana lanƙwasa a tsakaninsu, domin ma'aunin karya hasken mai kusan 1.515 ne, na ruwa 1.33. Sai abu zagayayye ya fito dogo kamar ƙwai. Ɗauki hoton ƙananan duwatsun gwaji masu haske waɗanda aka san girmansu, da saiti iri ɗaya, ka ga yawan miƙewar.

Yanzu tsaftace hoton kaɗan da matatar Gaussian, mai laushe ɗige-ɗigen hoto, a kan kwafi.

Daga nan ka raba cibiya da duhun bayanta, wato ka sa iyakar hasken da za a ƙirga. Hanyar lissafi ta Otsu, ta 1979, tana zaɓa maka iyakar da kanta, amma kada ka amince ido rufe. Zagaya hawa na sama da na tsakiya da na can ƙasa, inda haske yakan dushe, ka ga ko iyakar ta bi bakin cibiyar. Ƙa'idar da ka tsayar, da ita za ka auna naman mai lafiya da marar lafiya duka. Inda cibiyoyi biyu suka manne, umarnin watershed na MorphoLibJ, wani ƙari da ake sa wa Fiji, yana raba su.

Buɗe 3D Objects Counter, kayan ƙirga da ke cikin Fiji. Sa mafi ƙarancin girma don ya watsar da ɓurɓushi, ka kuma cire duk cibiyar da ta taɓa gefen hoto, tun da yankakkiya ce. Zai ba ka jadawali, kowace cibiya da lambarta da girmanta. Zaɓi goma ka duba su da idonka a cikin hoton.

Wajen lissafi, cibiya 400 daga ɓera ɗaya har yanzu ɓera ɗaya ne. Fitar da matsakaicin kowace dabba, sannan ka kwatanta. A rahotonka rubuta girman boksel, da irin ruwan tabarau, da iyakar hasken da ka sa, da yadda aka adana naman, domin busar da shi da alkohol yana sa ya tsuke tun kafin ya hau na'ura.