Yadda ake haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba a yi masa fenti, musamman a hunturun Jos

Mutum huɗu ke nan na zaunar a ɗakina nan Unguwar Rogo ina koya musu wannan sana'ar banzar tamu, kamar yadda mahaifiyata ke kiranta, kuma uku daga cikinsu wuri ɗaya suka faɗi, wato wurin fenti. Haɗawar ba ta ba kowa wahala, takardar cikin kwali duk zane ce, ko ba ka jin Turanci za ka bi lamba ɗaya, biyu, uku. Don haka ba zan ɓata lokaci a kan wannan ba sosai.

Da farko dai, in jirginka na farko ne, ka sayi sikeli 1/72, wato wanda jirgin gaske ya ninka shi sau 72 a tsawo, kar ka bari wani ya zuga ka ka ɗauko 1/48 don wai ya fi girma ya fi kyau. Spitfire, jirgin yaƙin Ingila, na kamfanin Airfix a 1/72 faɗin fikafikansa bai wuce santimita goma sha shida ba, sassansa kaɗan ne, in ka lalata ba za ka yi kuka sosai ba. Na san kowa Alpha Jet yake so ko MiG-21 saboda su ne muka taso muna jin sojin samanmu na da su, to ka bari sai na biyu. Da yadda dala take yanzu, kuma sai ka jira wani mai zuwa daga Ingila ko Dubai ya saƙo maka a jaka, ba abin koyo ba ne kit, wato kwalin sassan jirgin, mai tsada.

Kayan aiki ba sai ka saya duka ba. Abin yanke farce sabo yana cire sassa daga firem ɗin robar da suke zuwa a maƙale a jikinsa lafiya lau, kar dai ka murɗe da hannu, zai bar rami. Reza, sanfefa mai laushi lamba 600 da 1000, wajen masu sayar da fentin mota za ka samu, maƙalan shanya, kyauron ɗaure kuɗi, tsinken sakace. Gam ne kawai ban yarda a yi masa dabara ba, Tamiya Extra Thin mai koren murfi, shi ba manne roba yake ba, narkar da ita yake kaɗan sai ɓangarorin biyu su zama ɗaya. Ka haɗa sassan a bushe tukuna, ka taɓa bakin burushin da ke jikin murfin gam ɗin a kan layin da suka haɗu, gam ɗin da kansa zai bi ya shige. Yatsanka kuma ya yi nesa da layin, in ba haka ba zanen yatsanka zai zauna a fiffike har abada.

Ka wanke firem ɗin gaba ɗaya da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka kafin komai, akwai maiƙon masana'anta a jiki wani lokaci. Wurin zaman matuƙi shi ake fara yi wa fenti kafin a rufe gangar jikin, in ka rufe shi ke nan burushi ba zai shiga ba. Kuma in jirgin mai taya a hanci ne irin Alpha Jet, ka cusa ƙananan noti ko guntun dalma a hancin kafin ka rufe, in ka manta zai zauna a kan wutsiya kamar ɗan akuya yana roƙon dusa. Layin da ya fito a bayan jirgi inda rabi biyu suka haɗu, ka bar shi ya kwana sannan ka bi shi da sanfefa da ɗan ruwa.

Gilashin matuƙi kar sufa gulu ya kusance shi. Tururinsa yana sa gilashin ya yi fari fat kamar an shafa masa alli. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, ɗigo biyu a bakin tsinken sakace ya isa, yana bushewa garau.

To yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Jirgina na farko a watan Janairu na yi masa fenti, hunturu ya kankama, na zauna a baranda don haske tunda ba wuta, na buɗe kwalbar fenti na tsoma burushi kai tsaye na laɓta. Kafin in kai ƙarshen fiffike farkon ya fara bushewa, na koma in gyara, burushin ya kwaso wanda ya fara kamawa ya yi gululu-gululu, duk ƙananan layukan jikin jirgin da masu kit suka sha wahala suka zana suka cike suka ɓace. Da safe na ɗauko shi, ƙura ta zauna a kai ta manne, in ka shafa sai ka ji kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Ƙanena ya kalla ya ce, "Yaya, wannan daga ƙarƙashin ƙasa aka tono shi ne?"

Iskar Jos daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta da laima ko kaɗan, fentin akirilik kuwa ruwa ne ke ɗauke da shi, ruwan na tashi sai ya kama. Don haka dole ka tsinka shi. In fentin kamfanin Vallejo ne, ruwa mai tsabta ya wadatar, na leda ma ya yi. In Tamiya ne ka nemi tinarsu X-20A, kuma gaskiya ni ban son Tamiya da burushi, ya fi dacewa da feshi. Ka ɗiga fenti a murfin kwalbar lemo, ka ƙara ruwa har ya koma kamar madarar gwangwani da aka ɗan sirka, in ka ja shi a gefen murfin ya gangaro a hankali ya bar launi a baya. Shafar farko za ta yi muni, robar za ta riƙa leƙowa, za ka ji kamar ka ƙara. Kar ka ƙara. Ja burushi sau ɗaya daga gaban fiffike zuwa baya, yadda iska ke bi, ka wuce, inda ka taɓa kar ka koma. Shafa uku siriri, wani lokaci huɗu in launi mai haske ne kamar na ƙasan jirgi, kuma tsakanin kowace shafa ka ba shi aƙalla awa guda ko da ka ga kamar ya bushe a minti biyar.

Maganin ƙura kuwa robar ajiye abinci ce mai murfi, babba. Kana gama shafa ka kifa ta a kan jirgin. Rufe taga, kashe fanka in akwai wuta, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin ka fara, kuma ka cire rigar sanyin nan mai gashi, don zarenta ya fi ƙura ɓarna. Ni da asuba bayan sallah nake fenti, kafin yara su tashi a fara shara a tsakar gida.

Firaima fa, wato shafar share fage da ake yi kafin fenti? Wasu na tsallakewa, ni ban tsallakewa, akirilik ba ya kama roba tsirara da kyau, farce kaɗan zai kwarzane shi. Gwangwanin feshi mai toka-toka, daga nesa kamar santimita ashirin zuwa talatin, fis fis ka wuce. In da sanyi ka tsoma gwangwanin cikin ruwan ɗumi minti kaɗan tukuna, ɗumi na ce ba tafasasshe ba. Kuma tinar masu fentin mota kar ta taɓa jirginka, tana cin roba, wani yaro da na koya wa ya goge kuskure da ita sai fiffiken ya yi laushi kamar cingam.

Ka fara da launi mai haske na ƙasan jirgi, sannan ka rufe da tef ka yi na sama. Spitfire na 1940 ruwan ƙasa ne da kore mai duhu a sama, ka zana iyakar da fensir a hankali ka bi. Tef ɗin ka manna shi a bayan hannunka sau biyu kafin ka ɗora, ƙarfin gam ɗinsa ya ragu, kar ya ɗago fenti.

Sitika kuma, wato tambura da lambobin jirgin da ke zuwa a takarda, sai a kan jiki mai sheƙi, don haka ka shafa banish mai ƙyalli ka bari ya kwana, in ka ɗora a kan fenti marar ƙyalli iska za ta maƙale a ƙasa gefen ya yi fari-fari kamar azurfa. Yanke ɗaya, tsoma a ruwan ɗumi daƙiƙa goma zuwa ashirin, ajiye ta saki da kanta, zame ta da jiƙaƙƙen burushi, danna da audugar goge kunne. Ɗaya bayan ɗaya, kar ka zuba takardar duka a ruwa. Bayan nan banish marar ƙyalli, ka cire tef ɗin da ka rufe gilashin matuƙi da shi kafin fenti, ka manna tayoyi da farfela da eriya a ƙarshe don su ne ke karyewa. Wurin ajiya kuma sama can inda hannun yara ba ya kai, nawa na biyu ɗan yayata ne ya gwada ko yana tashi.